Bursi Biyu, Jaka Ɗaya

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata kalmar Faransanci mai fuska biyu, kuma duka biyun sun shafe mu. Bourse ita ce ɗan kuɗin nan da ɗalibi yake ƙirga kwanaki yana jira, wanda bakinmu ya mayar bursi. Bourse kuma ita ce kasuwar hannun jari, irin wadda ke Abijan. In ka bi kalmar zuwa tushenta, jakar fata za ka tarar: daga Girkanci ta shiga Latin, daga Latin ta gangaro Faransanci. Mu ma abin da muka yi da tamu jakar ke nan, ga ta abin zuba kaya, ga ta sunan tamma dubu. To yanzu an taso mu gaba, ana so mu ɗauki bursi na farko mu kai wa na biyu. A zauren taro, a fada wajen shayi, a saƙon murya da ake turowa ta WhatsApp, zancen ɗaya ne: zamani ya rikice, kada ka bar kuɗinka suna barci, zuba su a asusun haɗaka, kasuwa za ta tashi.

Ni kimiyyar harshe nake karanta, aikina shi ne in tsaya a kan kalma in tambaye ta abin da ta ɓoye. Abin da nake so in faɗa a takardar nan, ba kwana-kwana, shi ne akwai cuta a yadda ake tallata mana wannan haja. Hajar kanta tana da amfaninta, zan zo kansa. Cutar a harshe take. Ana rubuta sharuɗɗa da Faransancin da ko mai digiri sai ya karanta sau uku, sannan a yi talla da Hausa mai zaƙi wadda aka tace duk wata shakka daga cikinta. Wanda ya yi ciniki da kai da harshe ɗaya, ya sa ka sa hannu da wani harshen, ya san abin da yake yi.

Mu fara da abin kansa, tunda masu talla ba su cika tsayawa a nan ba. Abin da takardun banki suke kira FCP ko SICAV, suke kuma tara su ƙarƙashin sunan OPCVM, shi nake ce wa asusun haɗaka. Mutane da yawa ne suke zuba kuɗi a tukunya ɗaya. Wani kamfani mai izini ya ɗauki kuɗin ya sayi hannayen jarin kamfanoni, ko takardun bashin gwamnatoci, ko ya gauraya su. Kai da ka zuba, ana rubuta maka kaso gwargwadon abin da ka sa. Lokaci-lokaci ana ƙirga darajar duk abin da ke cikin tukunyar, a raba da yawan kason da ke hannun mutane, abin da ya fito shi ne farashin kaso ɗaya a ranar. In abin da aka saya ya yi daraja, kasonka ya hau. In ya faɗi, kasonka ya bi shi ƙasa. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1774 wani ɗan kasuwa a Amsterdam, Abraham van Ketwich, ya kafa irin wannan asusu bayan wata rugujewar bankuna, don mai ƙaramin ƙarfi ya samu ya rarraba ɗan abinsa wurare da dama maimakon ya jibge shi wuri ɗaya. A yankinmu kasuwar da ake wannan ciniki ita ce BRVM, wadda ta fara aiki a 1998. Mazauninta Abijan, ƙasashe takwas na UEMOA ne suka yi tarayya a kanta, har da Nijar, tana kuma da reshe a Yamai. Hukumar da ke ba da izini tana sa ido ita ce AMF-UMOA, wadda a da ake kira CREPMF.

Ƙarya ta farko da ake yi mana ita ce "ai kamar adashe ne". Haba! A adashe abin da ka zuba shi za ka kwasa, ba ƙari ba ragi. Ka san ranar kwasarka, ka san ƙofar gidan uwar adashe, in ta ci amana kafin magariba unguwa ta ji. A asusun haɗaka ba a yanka maka adadin da za ka kwasa ba, kuma mai juya kuɗin wataƙila har abada ba za ka ga fuskarsa ba. Mai cewa "kamar adashe" aron amanar da iyayenmu mata suka gina shekara da shekaru yake yi, ya yafa wa abin da bai riga ya gina komi ba a wajenmu. Kuma matan nan ba su buƙatar wani ya koya masu tara kuɗi. A jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE: akwati ɗaya, zubi kowane mako, rance tsakanin juna, rabo a ƙarshen zagaye, ana ƙirga kuɗin a gaban kowa da harshen kowa. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan da ba su shiga lakwal ba sun gane abin da masu kwat suke yi kamar ba su gane ba, wato mai zubi yana da haƙƙin ya ji lissafi da kunnensa.

Ƙarya ta biyu a nahawu take, ita ce kuma ta fi ba ni haushi. Ku ɗauki kowane sharhin hasashen kasuwa da aka rubuta da Faransanci, ku ja layi a ƙarƙashin aikatau. Devrait, pourrait, serait. Marubucin ya riga ya kare kansa. Bai ce za a yi ba, cewa ya yi mai yiwuwa a yi, in abubuwa suka tafi yadda ake zato. A can ƙasan shafi kuma, da ƙananan baƙaƙe, akwai gargaɗin cewa ribar jiya ba ta lamunce ta gobe ba. Sai mai talla ya tsaya gabanmu ya ce "kasuwa za ta tashi bana". Ina shakkar ta tafi? Kada wani ya ce mini Hausa ce ta gaza. Muna da lokaci mai zuwa iri biyu. Akwai na "za ta tashi", mai ƙarfi, kamar an gama shiri. Akwai na "tâ tashi", irin na "mâ gani", wanda ke barin ƙofa a buɗe. Muna da wataƙila, muna da mai yiwuwa, muna da wai, kalma mai baƙi uku da take sauke wa mai magana nauyin labari. Harshen da manomi yake hasashen damina da shi ba zai rasa kalmar shakka ba. Da gangan ake zubar da ita a hanya, don shakka ba ta sayar da kaya.

To mu duba abin da kasuwar ta yi da gaske. Daga 2016 zuwa 2020, shekara biyar a jere, babban ma'aunin BRVM sauka ya yi ta yi. A 2018 kaɗai ya faɗi da kusan kashi 29 cikin 100. A 2021 ya yi tsalle da kusan kashi 39 cikin 100, ya ɗan lafa shekara biyu, sannan a 2024 ya sake hawa da kusan kashi 29. Mai talla zai nuna maka 2021 da 2024, ba zai taɓa 2018 ba. Amma ka yi tunanin wanda ya shiga a ƙarshen 2015, lokacin da kowa yake yabon kasuwar, sannan rashin lafiya ko aure ko kuɗin makaranta suka tilasta masa fita a 2019. Shi bai ga 2021 ba. Kasuwa tana iya farfaɗowa, amma ba ta jiran wanda buƙata ta kora waje.

In ka kawo wannan, sai a ce maka: to shiga asusun takardun bashin gwamnati, gwamnati ba ta faɗuwa. Wa ake gaya wa haka? Mu? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa ƙasar nan takunkumi, aka riƙe kuɗin gwamnati a BCEAO. Baitulmali ya kasa biyan masu riƙe da takardunsa a kan lokaci, har abin da ya taru ya haura miliyar 300 na saifa kafin a ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairu 2024. A watannin nan kowa ya ga layi a ƙofar bankuna, kowa ya ji yadda aka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa daga kuɗinsa na kansa. Daga baya Nijar ta koma kasuwa ta shiga biya, amma wanda yake buƙatar kuɗinsa a watan Nuwamba, biyan watan Afrilu bai share masa hawaye ba. Mali ta shiga irin wannan a 2022. A Ghana, a Disamba 2022, gwamnati ta ce a kawo takardun bashinta na cikin gida a musanya su da sababbi masu ƙarancin amfani da dogon wa'adi, kuma masu kaso a asusun haɗaka suna cikin waɗanda suka ji jiki. A Senegal, a Fabrairu 2025, kotun binciken kuɗin gwamnati ta bayyana cewa bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kusa kai ɗaukacin abin da ƙasar take samarwa a shekara, alhali ana ta faɗin kusan kashi 74 cikin 100. Duk wannan a cikin shekara uku ya faru, a nan maƙwabta.

Nan ma akwai aikin kalma. Risque ana fassara mana shi da haɗari, sai mutum ya ji kamar zancen mota ne a hanyar Dosso, abin da Allah ya kiyaye kawai ake cewa a wuce. Kalmar da ta dace ita ce kasada, abin da mutum yake shiga da idonsa biyu, ya san ana ci ana faɗuwa. Kasada kuma daban take da rashin tabbas. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Frank Knight, ya raba su tun 1921: akwai abin da za ka iya auna yiwuwarsa, akwai wanda ba shi da ma'auni. Hawa da saukar farashin hannun jarin kamfanin waya kasada ce, akwai tarihin shekaru da za a duba. Amma rufe iyaka, takunkumi, ko makomar saifa kanta, waɗannan ba su da jadawali. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO a Janairu 2025, suna nan cikin UEMOA, ana kuma ta zancen kuɗin kansu. Duk wanda ya zana maka layi mai hawa sama daga yau zuwa shekara goma, ba tare da ya ambaci wannan ba, boka ne da kwamfuta.

Sai kalmar riba. A bakinmu kalma ɗaya take kama da ɗaya, amma a Larabci tushe biyu ne: akwai wanda ke nufin amfanin ciniki, akwai wanda ke nufin ƙarin da ake ɗora wa bashi, abin da muke kira kuɗin ruwa. Mai talla yana fakewa a tsakanin biyun. Asusun da ya cika tukunyarsa da takardun bashi, yawancin abin da yake rabawa kuɗin ruwa ne. Mai zubi yana da haƙƙin a gaya masa haka ƙarara, ya je ya yi shawara da wanda ya yarda da iliminsa, ya yanke wa kansa. Akwai ma wata hanyar: sukuk, takardun da aka tsara bisa ƙa'idar kuɗin Musulunci. Wanda ya ɓoye maka abin da ke cikin tukunya don kada ka yi tambaya, ya raina addininka, ya raina hankalinka.

Wannan duhun na harshe shi ne gonar ɓarayi. Tunda asusu na gaskiya ba ya magana da mu da Hausa, na ƙarya shi yake yi, kuma ya iya. Ku tuna MMM a Nijeriya, wanda ya yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, ya rufe masu asusu a Disamba 2016. Lissafin ba ya buƙatar digiri. Jaka goma da ke ƙaruwa da kashi 30 kowane wata za ta zama jaka 233 a shekara ɗaya. A shekara uku ta haura miliyan 126. A shekara biyar ta wuce miliyar 68. Daga jaka goma! Wace sana'a ce a duniya take haihuwa haka? Kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga, ranar da sababbi suka ƙare, wasa ya tashi. Irin wannan yana sake dawowa da sabon suna da sabuwar manhaja a waya, kuma alamarsa ba ta canzawa: ya ce maka garanti, ya ce ka kawo mutum uku, ya ce ka yi sauri kafin a rufe.

Ko asusu na gaskiya ma akwai inda yake yanka ba jini. Akwai kuɗin shiga, akwai ladan kula da ake cirewa kowace shekara, wani lokaci har da kuɗin fita. Ana faɗin su da kashi cikin ɗari don su yi ƙanƙanta a kunne. Mu mayar da su jaka mu gani. A ce ka zuba jaka ɗari, a ce tukunyar tana kawo kashi 7 a shekara, ka bari shekara ashirin: za ta kai kusan jaka 387. A ce kuma ana cire kashi 2 kowace shekara ladan kula, saura 5: za ta tsaya a kusan jaka 265. Wannan "kashi biyu kacal" ya ci jaka 122, fiye da uwar kuɗin da ka fara da ita. Kuma ladan nan ana cire shi ko an ci riba ko an faɗi. Wannan lissafin ne ya sa John Bogle ya buɗe asusu mai bin ma'aunin kasuwa kawai, mai ƙaramin lada, a Amurka a 1976. Sannan ku tuna mu da dala muke ƙirge. Wadda ta saba jin dala ashirin tana nufin tamma ɗari, in ka karanta mata lambobin takarda kai tsaye, kuskuren ninki biyar yana jiran ta a bakin ƙofa.

Yanzu in juyo kanmu, don akwai wani ɓangare a cikinmu da shi ma ban yarda da shi ba. Su ne masu cewa duk caca ce, kayan Turawa ne, a bar kuɗi a ƙarƙashin katifa ko a sayi rago. Ƴan uwa, katifa ma tana cin kuɗi. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma akwai ranar da masu rumbun wuri suka wayi gari da tarin ƙwanso. A 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar saifa da rabi: tamma hamsin da ke sayen faran ɗaya na Faransa ta koma ɗari, dare ɗaya. Ku tambayi ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni abin da ya sami masu ajiyar naira lokacin canjin takardun kuɗi a farkon 2023, da kuma bayan watan Yuni na shekarar, sa'ad da dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin watanni. Asusun ajiya na banki a yankinmu kashi 3.5 yake bayarwa a shekara, alhali a tsakiyar 2024 tsadar kaya a ƙasar nan ta haura kashi 10. Jaka ɗarinka ta zama ɗari da uku da rabi, buhun da kake son saye ya riga ya yi maka nisa. Rago da hatsi kuma suna da tasu kasadar. Ambaliyar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Damagaram, ba ta bar rumbu da garke ba. A Oktoba 2024 aka hana fitar da hatsi waje, a Mayu 2025 aka hana fitar da dabbobi gab da Layya. Mai saye ya ji daɗi, amma wanda ya tara don ya sayar a ƙetare lissafinsa ya rushe. Babu inda za ka sa kuɗi ka ce ka tsira gaba ɗaya. Amfanin asusun haɗaka na gaskiya ke nan: ɗan abinka yana rarrabuwa a kamfanoni da ƙasashe da dama, fari a Tawa ba ya taɓa kamfanin waya na Dakar. Ƙin koyon abin don haushi, barin fili ne ga masu cutar iyayenmu.

In an tambaye ni yadda nake ganin kasuwar, ga abin da ke a fili. Kamfanonin da ke BRVM arba'in da ɗoriya ne, mafi yawansu na Côte d'Ivoire, manyansu kuma bankuna ne da kamfanonin waya irin su Sonatel da Orange Côte d'Ivoire. Saboda haka lafiyar asusun hannun jari tana rataye ne da lafiyar Abijan da Dakar fiye da ta Yamai. Asusun takardun bashi kuwa yana rataye da gwamnatocin da suke ta komawa kasuwar yankin neman rance, kuma mai neman rance da gaggawa tsada yake biya. Wannan tsadar ita ce ake nuna maka a matsayin riba mai tsoka, alhali ita ce kuma alamar cewa masu ba da rancen suna jin tsoro. Kasuwar da ta hau shekaru a jere tana iya ci gaba, tana iya juyawa. Wanda ya shigo don ya ji labarin ribar bara, sau da yawa shi yake sayen kaya a lokacin da ya fi tsada.

Akwai kuma abin kunya da ya kamata mu faɗa. A duk jerin nan, kamfanin Nijar ɗaya ne tak, Bank of Africa Niger. Ƙasar albasar Galmi, da ayar Maraɗi, da fatu da ƙiraga, da man Agadem, kamfani ɗaya! Ma'anarsa, ɗan Damagaram da ya zuba a asusun hannun jari, kusan duk kuɗinsa wata ƙasa suke ginawa. Ina alhazan Maraɗi da ake ba da labarin dukiyarsu har a littattafan jami'a? Shiga kasuwar nan yana buƙatar ka buɗe littafin lissafinka kowa ya gani, ka yarda wani ya tambaye ka. Muddin manyan ƴan kasuwarmu sun fi son dukiya ta zauna a aljihun mutum ɗaya, ta watse ranar rabon gado, to kada mu yi kukan cewa jarin matasa yana gudu waje.

Ga abin da nake nema, kuma ba alfarma ba ce. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Madalla. Amma ni a kan kantar banki zan auna wannan magana. Duk kamfanin da zai karɓi tamma ɗaya ta ɗan Nijar, a wajabta masa shafi ɗaya tak da Hausa, da boko da ajami, haka da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajaq da Barbarci, da kuma muryar da za a saurara a waya don wanda bai iya karatu ba. Shafin ya faɗi lada da jaka da dala. Ya fara da shekarar da ta fi muni kafin ya ambaci wadda ta fi kyau. In takardar Faransanci ta ce mai yiwuwa, ta Hausa ma ta ce mai yiwuwa, kuma duk wanda ya mayar da ita "za ta" a ɗauke shi maƙaryaci a gaban doka.

Kafin wannan rana ta zo, kowa ya riƙe tambaya biyar. Wa ya ba ku izini, ina lambar izinin AMF-UMOA in je in duba da kaina? Me ke cikin tukunyar, kamfanonin wa, bashin wace gwamnati? A jaka ɗari, nawa za ku cire ranar shiga, nawa kowace shekara, nawa ranar fita? In na nemi kuɗina ranar Litinin, yaushe za su shigo hannuna, kuma da farashin wace rana? A shekarar da ta fi muni, jaka ɗari ta koma nawa? In ya amsa duka biyar da Hausar da mahaifiyarka za ta gane, zauna ku yi magana. In ya fara "ka gane, abin technique ne", ɗauki takalminka. Kuma ko ya amsa, bursin da za ka ci abinci da shi, ka biya ɗaki, ka buga takardun darasi, ba shi da abin yi a kasuwar hannun jari. Abin da za ka iya mantawa da shi shekara biyar ba tare da ka kwana da yunwa ba, shi kaɗai ake kaiwa can. Mafi yawanmu ba mu da irin wannan kuɗin yanzu, kuma ba abin kunya ba ne. Amma iyayenmu da yayyenmu da ke kasuwa suna da shi, mu ne kuma ake miƙo wa takarda a ce "karanta mini, kai da ka yi lakwal".

Shi ya sa aikin ya dawo kanmu. Ƴan sashen tattalin arziki sun san abin, mu ƴan sashen harshe mun san kalma, amma ba mu zama tebur ɗaya. Ina kira ga ƴan uwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, mu haɗa ƙaramin ƙamus na kalmomin kuɗi, ko kalma ɗari ce, mu buga shi a irin wannan takarda, mu kai wa gidajen rediyon karkara. Na kawo nawa: asusun haɗaka, kaso, farashin kaso, ladan kula, takardar bashi, kasada. Wanda yake ganin wata ba ta zauna ba, ya je kasuwa ya gwada ta a kunnen mai sayar da wake ko uwar adashe, ya ji abin da suka fahimta, ya kawo mana wadda ta fi ta a fitowa ta gaba.